Masu Sassaƙa Alƙalamin 1921 da Hannu a Yau

A shekarar 1921 kamfanin Parker da ke garin Janesville, a jihar Wisconsin ta Amurka, ya fito da wani alƙalami da ya saɓa wa abin da idon mutane ya saba gani. A wancan zamani yawancin alƙaluma masu shan tawada baƙaƙe ne sirara, ba su da wani abin kallo. Wannan kuwa ƙato ne, ja mai sirkin ruwan lemo, samansa da ƙasansa baƙaƙe kuma a shafe, tsawonsa ya kusa santimita 14 idan an rufe shi. Aka raɗa masa suna Duofold, aka sa masa kuɗi dala 7, farashin da ya zarce na sauran nesa ba kusa ba, aka kuma ba mai saye tabbacin shekara 25. Duk da tsadar, alƙalamin ya ci kasuwa, har sauran kamfanoni suka shiga yin manyan alƙaluma masu launi irin nasa.

Shekara ɗari da 'yan kai ke nan, amma har gobe akwai mutane a ƙananan shaguna a Indiya da Japan da Amurka da Turai da ke tsayawa gaban injin sassaƙa, su ɗaura sandar roba mai tauri, su fitar da wannan siffa da hannunsu. Ba tsofaffi suke gyarawa ba. Sababbi suke yi daga farko, ɗaya bayan ɗaya, bisa tsarin magabatan sana'ar. Kuma duk wanda ya shiga aikin yakan gane da wuri cewa kwaikwayon siffar waje shi ne mafi sauƙi. Wahalar tana ciki, inda kowane rami da kowane awo yake da dalilinsa.

Tawada ta fita, iska ta shiga

Buƙatar alƙalami mai ɗauke da tawadarsa a ciki tsohuwa ce. Alƙali Nu'uman, babban alƙalin daular Faɗimiyya, ya rubuta a littafinsa Al-Majalis wal-Musayarat cewa Halifa Al-Mu'izz, a ƙarni na 10, ya nemi a yi masa alƙalamin da ba sai an tsoma shi a tawada ba, wanda kuma ba zai ɓata hannu ko tufa ba, har wani maƙeri ya ƙera masa na zinare. Wancan alƙalami bai kawo zamaninmu ba. A 1827 wani ɗan ƙasar Romaniya, Petrache Poenaru, ya yi wa irin nasa rajista a Faransa. Amma matsala guda ta ci gaba da damun duk masu gwadawa: alƙalamin ko dai ya ƙi zubo da tawada, ko ya kwararo ta gaba ɗaya a kan takarda.

Dalilin iska ce. Duk wanda ya taɓa kifa kwalba cike da ruwa ya san ruwan ba ya fita salin alin, sai da gurɓi-gurɓi, domin iska na kokawar shiga ta ƙofar da ruwan yake fita. Haka yake a cikin alƙalami. Duk ɗigon tawadar da ya sauka kan takarda, sai iska daidai girmansa ta shiga ta maye gurbinsa. A 1884 Lewis Edson Waterman na birnin New York ya yi rajistar maganin da ya ɗore. A ƙarƙashin bakin alƙalamin ya sa wani ɗan ƙaramin abu, magudanar tawada, mai kwari guda a samansa, a cikin kwarin kuma ya yi tsaga uku sirara. Tawada na bin tsagar tana saukowa da kanta, kamar yadda ruwa ke bin kowace siririyar kafa, iska kuma na bin kwarin tana hawa. Har yanzu a kan wannan dabara kowane alƙalami mai shan tawada yake aiki.

Daga nan sai gasa ta ɓarke kan yadda za a riƙa cika shi. Walter Sheaffer, mai sayar da kayan ado a garin Fort Madison na jihar Iowa, ya yi rajistar ɗan hannun ƙarfe da ake ɗagawa a gefen alƙalami a 1908. Kamfanin Pelikan na Jamus ya fito da mai fistin da ake murɗawa daga ƙasa a 1929, shekarar da Sheaffer ya fitar da samfurin Balance mai tsukakkun kai da gindi. Parker ya kawo Vacumatic a 1933, sannan Parker 51 a 1941. Waɗannan shekaru su ne masu tara alƙaluma suke ɗauka a matsayin lokacin da sana'ar ta kai ƙololuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu biro ya shigo: a Oktoban 1945 aka fara rububinsa a wani kanti a New York a kan dala 12.50, a 1950 kuma kamfanin Bic ya fito da nasa mai arha. Cikin shekaru kaɗan alƙalami mai shan tawada ya bar aljihun yawancin mutane.

Sandar da ake farawa da ita

Mai son yin alƙalami irin na 1921 yakan fara da neman abin da aka yi na asalin da shi, wato ebonait. Danƙon roba ne da ake haɗawa da farar wuta mai yawa, kusan kashi ɗaya cikin uku, a dafa shi na tsawon lokaci har ya yi tauri. Nelson Goodyear shi ya yi masa rajista a 1851. Masu sassaƙa suna son sa saboda ruwa ba ya ratsa shi, tawada ba ta cin sa, ba shi da nauyi, yana ɗaukar yanka da kyau, kuma ba ya sanyi a hannu. Yana da nasa aibin. Idan ana sassaƙa shi shago kan cika da warin ƙonanniyar roba, yana dakushe kayan yanka da wuri, kuma hasken rana kan mayar da baƙinsa ruwan ƙasa ko kore-kore. Ja ɗin da aka yi Duofold na farko da shi ya fi baƙin saurin tsagewa, musamman a leɓen murfi. Zoben ƙarfen da ake gani a murfin tsofaffin alƙaluma ba ado kaɗai ba ne, yana riƙe wannan leɓe.

Masana'antun da suka rage suna yin ebonait mai kyau ba su da yawa. Akwai a Jamus, akwai a Indiya, akwai kuma Nikko Ebonite da ke unguwar Arakawa a Tokyo, wadda aka kafa a 1952.

Abu na biyu shi ne selulod, wanda ake yi da audugar da aka sarrafa da sinadari aka haɗa da kafur. Sheaffer ya fara fitar da alƙaluman selulod masu launin kore a 1924, Parker ya bi sahu a 1926, har ya riƙa jefo alƙalumansa daga jirgin sama don ya nuna ba sa fashewa. Launin selulod yana da zurfin da ido ke nutsewa a ciki, amma abu ne mai saurin kama wuta, kuma sai ya daɗe a ajiye yana bushewa kafin a taɓa shi, in ba haka ba ya tsuke bayan an gama aiki. Saboda haka da yawa daga masu sana'ar yau sun koma ga akirilik, wanda ake iya zubawa da launi iri-iri har ya yi kama da na da.

A gaban injin

Kafin a kunna inji, awo ake fara yi. Mai aikin yakan samo tsohon alƙalamin, ya warware shi gaɓa-gaɓa, ya auna kauri da zurfin kowace gaɓa da ma'aunin da ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, ya zana a takarda. A nan ne yake yanke shawarar inda zai bi na da sau da ƙafa da inda zai sauya, domin bakin alƙalamin zamani da zai saka ba lallai ne awonsa ya zo ɗaya da na 1921 ba.

Alƙalamin gaɓa uku ne manya: gangar jiki mai riƙe tawada, wuya inda yatsu ke kamawa, da murfi. Galibi da wuyan ake farawa, tunda shi ke ɗauke da baki da magudana, kuma daga awonsa ake samun na sauran. Ana ɗaure guntun sandar a injin da ke juya ta, a huda ta daga ƙarshe. Hudar ba a yin ta lokaci guda. Ana farawa da siririn mahudi, a ƙara kauri sannu a hankali, ana ciro shi ana share dusar, domin zafi na iya narkar da akirilik, ya tsaga ebonait, selulod kuwa ya kama wuta. Idan ramin ya karkace ko da kaɗan, wani gefen bangon zai fi wani kauri, kuma ba shi da gyara.

Sai yankan murɗi, irin wanda ke jikin noti, wanda murfi ke bi ya rufe. Nan ake gane gwani. Idan aka yi murɗi mai layi ɗaya, sai an juya murfin sau uku ko huɗu kafin ya buɗe, abin da ke gundurar mai rubutu. Saboda haka ake yanka layi uku masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. A wani awo da masu sana'ar suke yawan amfani da shi, mai faɗin milimita 13, tazarar da ke tsakanin layi da layi milimita 0.8 ce, amma da yake layukan uku ne, juyi ɗaya na tafiyar da murfin milimita 2.4. Juyi ɗaya da ɗoriya ya isa a buɗe. A Turai da Amurka ana yanka wannan da ƙarafan yankan murɗi na musamman. A Japan da Indiya kuwa akwai tsofaffin gwanaye da ke yin sa da hannu zalla: sanda na juyawa, su kuma suna bin ta da wani ƙarfe mai haƙora, ido da yatsa kaɗai ke gaya musu lokacin da za su tura.

Murfi ya fi yadda ake zato wuyar sha'ani. A cikinsa akwai wata matakala ko ƙaramin murfi na ciki, wanda fuskar wuyan alƙalamin ke zuwa ta jingina da shi idan an rufe. Wannan haɗuwa ita ke killace bakin a ɗan ƙaramin ɗaki da iska ba ta shiga, don kada tawada ta bushe. Idan ɗakin ya gajarce, tsinin bakin zai daki rufin ya lanƙwashe. Idan haɗuwar ba ta zauna daidai ba, alƙalamin zai ƙi rubutu bayan kwana biyu a ajiye. Ƙananan ramukan da ake gani a gefen murfin tsofaffin alƙaluma su ma suna da aiki: suna hana murfin tsotso tawada lokacin da ake zare shi. Maƙalin aljihu na Duofold kuma zobe ne da shi a samansa, wanda baƙin kan murfin ke murɗuwa ya danne. Ba gam, ba ƙusa. Idan ya karye, a kwance kan a sa wani.

Bayan an gama ciki sai a dawo waje. A ɗaura kowace gaɓa a kan sandar ƙarfe, a sassaƙe ta zuwa siffarta, sannan a shiga goga da samfefa mai ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, mataki-mataki. Duk matakin da aka tsallake, ƙarzuwarsa za ta fito fili a ƙarshe. Daga nan a goge da man ƙyalli a kan faifan ƙyalle. Ebonait da aka goge da kyau yana sheƙi ba tare da an shafa masa fenti ko ɗigo ɗaya ba.

Cikin alƙalamin

Duofold na asali madanni gare shi. A ƙasan gangar jiki akwai ɗan baƙin murfi, idan an kwance shi sai a ga maɓallin ƙarfe. Danna shi na lanƙwasa wani siririn ƙarfe a ciki, ƙarfen ya matse jakar roba, iska ta fita. A tsoma bakin a tawada, a saki maɓallin, a jira kamar daƙiƙa goma, jakar ta buɗe ta zuƙo tawada. Ana manna jakar a wuyan alƙalamin da shalak, wani danƙo da ake samu daga ƙwaro a Indiya da Tailan, a barbaɗa mata hoda don kada ta manne da bango. An zaɓi shalak ne saboda ɗan zafi kaɗan na sassauta shi. Idan jakar ta tsufa ta bushe, mai gyara zai ɗumama wurin, ya cire, ya sa sabuwa. Wannan ne ya sa ake samun alƙaluman da suka haura shekara casa'in suna rubutu lafiya lau.

Ba kowa ke bin wannan hanya ba. Wasu suna yin siffar da, amma su sa kwanson tawada na zamani ko 'yar sirinji mai murɗi a ciki. Wasu, musamman a Indiya, suna komawa tsarin da ya girmi madannin: a cika gangar jikin kanta da tawada ta hanyar maɗigi, a shafa man silikon a murɗin don kada ya yi yoyo. Ƙaramin kwanso ba ya kai mililita 1, babbar gangar jiki kuwa na iya ɗaukar mililita 3 ko fiye. Sai dai idan tawadar ta yi ƙasa, ɗumin hannu na kumbura iskar da ke ciki, ta turo ɗigo kan takarda. Masu yi a Japan sukan magance wannan da wata siririyar sanda da ke toshe hanyar tawada daga ciki idan an murɗa gindin. A jihar Ohio ta Amurka kuma, kamfanin Edison na Brian Gray, wanda ya fara a 2007, ya farfaɗo da wasu tsofaffin hanyoyin cikawa, ciki har da famfon da ke bin tsarin Vacumatic a samfurinsa Menlo.

Baki da magudana

Gaskiyar da ya kamata mai saye ya sani ita ce, yawancin masu sassaƙa da hannu ba sa ƙera bakin. Sayo shi suke yi, galibi daga kamfanoni biyu na Jamus: JoWo a Berlin da Bock a Heidelberg. Ƙera baki sana'a ce daban. Ana murje zinare mai karat 14, wanda ake buga wa lamba 585, ko ƙarfe mara tsatsa, a yanke siffar, a narka ɗan ƙwallon ƙarfe mai tsananin tauri a tsinin, a lanƙwasa, sannan a tsaga shi biyu da faifai mai sirantaka ƙwarai. Ba don wannan ƙwallo ba, da takarda ta cinye zinaren.

Abin da ya rage wa mai sassaƙa shi ne saiti. Yakan duba da tabarau mai ƙara girma ya ga ko haƙoran bakin biyu sun yi daidai, domin idan ɗaya ya ɗara ɗaya sai alƙalamin ya riƙa kartar takarda. Ya daidaita faɗin tsagar, ya goge tsinin. Masu tsananta bin tsarin da sukan sassaƙa magudanar da ebonait maimakon roba ta zamani, su yanka tsagoginta da siririn zarto. Ebonait na da wata baiwa a nan: idan aka tsoma shi a ruwan zafi yakan yi laushi, a danna shi ya kwanta a jikin bakin, ya huce a haka. Kuma tawada na kama jikinsa da sauƙi, don haka yana iya ciyar da bakin da ke buɗewa idan an danna, irin wanda ke ba rubutun da kauri da sirantaka.

Inda sana'ar take da rai

A garin Rajahmundry na jihar Andhra Pradesh a Indiya, K.V. Ratnam ya fara yin alƙaluma a 1932, lokacin da Mahatma Gandhi ke kira ga mutanen ƙasar su yi amfani da kayan gida. Ya aika wa Gandhi ɗaya na ebonait, a ranar 16 ga Yuli 1935 kuma Gandhi ya rubuto masa cewa ya yi amfani da shi, kuma yana ganin zai iya maye gurbin na ƙasashen waje. Iyalan gidan sun ci gaba da sana'ar, har a 2019 Firaministan Indiya Narendra Modi ya ba Shugabar Gwamnatin Jamus ta wancan lokaci Angela Merkel kyautar alƙalamin Ratnam. A garin Tiruvallur kusa da Chennai, gidan Ranga na sassaƙa alƙaluman ebonait da hannu, ciki har da masu shafaffen kai irin na shekarun 1920, yana aika su ƙasashe da dama.

A Japan labarin ya bi wata hanya. Tun a shekarun 1920 kamfanin Namiki, wanda ya zama Pilot, ya ga yadda rana ke ɓata ebonait, sai ya shiga rufe shi da urushi, danƙon wata bishiya da Japanawa suka daɗe suna shafa wa kwanoni da akwatuna. Ana shafa shi shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace ta taurara a wuri mai laima kafin a goge a ƙara wata, aikin da ke cin watanni. A 1999 Toshiya Nakata, jikan wanda ya kafa kamfanin Platinum, ya tara tsofaffin ma'aikatan kamfanin da suka yi ritaya ya kafa Nakaya, inda ake tambayar mai saye yadda yake riƙe alƙalami da ƙarfin dannawarsa kafin a saita masa baki. Ita ma Nikko Ebonite ta shiga yin nata alƙaluman da sunan Eboya.

Akwai iyaka tsakanin koyi da jabu, kuma masu mutunci a sana'ar suna kiyaye ta. Rajistar dabarun 1921 ta daɗe da ƙarewa, kowa na iya yin shafaffen kai ko madanni. Amma suna da tambari, kamar kibiyar Parker ko farin tauraron kamfanin Montblanc, har yanzu na masu su ne. Mai sassaƙa na gari sunansa yake bugawa a jikin aikinsa, ya kuma faɗi samfurin da ya yi koyi da shi.

Aikin ba ya buƙatar masana'anta. Ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe, irin wanda ake samu a wurare kamar kasuwar Panteka ta Kaduna, ya isa. Sandar ebonait da baki da ƙarafan yankan murɗi ne za a nemo daga waje.

Ga wanda ya mallaki irin wannan alƙalami kuwa, sabo ne ko na gado, abu uku ne zai kiyaye. Kada ya zuba masa tawadar allo ko ta zane, domin ƙaro da gawayin da ke cikinsu suna bushewa su toshe tsagogin magudana; tawadar kwalba da aka yi don irinsa, kamar Quink da Parker ta fito da ita a 1931, ita ta dace. Ya riƙa ɗauraye cikinsa da ruwan sanyi lokaci-lokaci, musamman idan zai sauya tawada ko zai ajiye shi na tsawon lokaci. Idan kuma na ebonait ne, kada ya bar shi a rana, kada kuma ya jiƙa gangar jikinsa a ruwa.